Tukunyar gas ta shigo wurin sana'a: Darasin Sheka da Babura ga mutanen Zandam

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lissafin duk wanda abincinsa ke bakin inji ya birkice. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Manomin rani da ke jan ruwa da inji, da mai cajin waya, da mai aski, da mai gidan kallon ƙwallo, kowa ya shiga neman mafita. Ana cikin haka labari ya bazu cewa makaniki na iya sauya wa janareta ko injin ban-ruwa kafireto, ya daina shan fetur ya koma shan iskar gas ta girki. Kafin a ankara, tukunyar da a da sai a madafin manyan ma'aikata a Dutse ko Kano ake ganinta, ta hau bayan babur ta nufi fadama.

Zandam, a ƙaramar hukumar Gwaram, ba ta kuɓuta daga wannan sauyi ba, haka ma Sara da Basirka da Kila da Fagam, da ƙauyukan da ke cin kasuwar Birnin Kudu. Mai shayi ya ajiye murhu ya ɗora butarsa a kan 'yar tukunya mai kilo 6. Mai kiwon kaji na ɗumama 'yan tsaki da ita a cikin hunturu. Mai walda na haɗa ta da tukunyar iskar oksijin yana yanka ƙarfe. Ba wanda zai ga laifinsu. Itace ya yi tsada, dajin ma yana ƙarewa, hayaƙi kuwa ya daɗe yana cin idon mata da ƙirjinsu. Ita ma gwamnatin tarayya abin da take so ke nan. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin shekara goma na bunƙasa amfani da gas, kuma gas ɗin girkin da Najeriya ke sha a shekara ya tashi daga kimanin tan 50,000 a 2007 zuwa sama da tan miliyan ɗaya a 2020.

Abin da ke damuna shi ne tukunyar ta iso, amma sanin yadda ake zama da ita bai biyo ta ba. Mai saye bai sani ba, mai sayarwar ma sau da yawa a wurin wani da bai sani ba ya koya. Mun gaji sanin itace da gawayi da kananzir daga iyaye da kakanni, yaro ƙarami ma ya san abin da garwashi ke yi. Gas baƙo ne, kuma halinsa ya saɓa da duk wani makamashi da muka saba da shi.

Abin da ke cikin tukunyar

Girgiza tukunyar da ke da gas, za ka ji abu na motsi a ciki. Ruwa ne. Iska ce da aka matse da ƙarfi har ta zama ruwa, kuma matsin ne kaɗai ke riƙe da ita a haka. Da an buɗe bawul, sai ruwan ya riƙa tafasa yana komawa iska. Lita ɗaya ta wannan ruwa na komawa kimanin lita 250 ta iska. Wato ɗan ɗigon da ya tsiyaya a bakin tiyo ba ɗan ɗigo ba ne.

Sinadarai biyu ne ake haɗawa a ciki, furofen da biyuten. Gas ɗin girki a Najeriya biyuten ne ya fi yawa a cikinsa, amma ana gauraya shi da furofen, kuma masana'antu na amfani da furofen zalla. Bambancinsu ya shafe mu kai tsaye. Biyuten na tafasa ne a kusan digiri sifili na ma'aunin Salshiyas, shi kuwa furofen tun a digiri 42 ƙasa da sifili yake tafasa. A zafin digiri 40, irin wanda Jigawa ke gani a watannin Afrilu da Mayu, ƙarfin da furofen ke tura bangon tukunya da shi ya ninka na biyuten wajen sau huɗu. Tsohuwar tukunya mai tsatsa da ta jure wa biyuten shekara da shekaru na iya gazawa ranar da aka ɗura mata gas mai furofen da yawa aka bar ta a rana. Mai saye kuma ba shi da hanyar da zai gane abin da aka zuba masa, don duk wari ɗaya suke yi.

Warin ma ba nasu ba ne. Gas ɗin a asalinsa ba ya wari, kamfanoni ne ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama shi idan ya zuba. Duniya ta koyi wannan ne da tsada. A ranar 18 ga Maris, 1937, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin Niyu Landan da ke jihar Tekzas ta Amurka, ya tashi da ɗalibai da malamai kusan 300. Bayan nan ne aka wajabta sa wa gas wari. Don haka duk wanda ya ji warin a shagonsa ya ce "ai haka yake yi", ya watsar da gargaɗi ɗaya tilo da aka tanadar masa.

Sai halin da ya fi kowanne yaudarar mutane. Wannan iska ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, furofen da ninki ɗaya da rabi, biyuten da ninki biyu. Idan ta zuba ba ta tashi sama ta watse. Ƙasa take bi, kamar ruwan sama mai neman kwari, ta taru a ƙarƙashin tebur, ta gangara kwata, ta shiga rami ko ta bi ta ƙasan ƙofa zuwa shagon maƙwabci. Mutum na tsaye yana iya jin warin kaɗan-kaɗan alhali ƙafafunsa na cikin tafkin gas. Kuma ba ya buƙatar yawa: idan ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, ya isa ya kama da wuta. Shago mai mita uku-uku tsawo da faɗi da tsayi, kilo ɗaya da kaɗan ya ishe shi ya zama abin fashewa baki ɗaya. A daɓen ƙasa, inda gas ɗin ke taruwa, abin da bai kai haka ba ma ya isa.

A bakin injin ban-ruwa

A dubi yadda aikin ke tafiya a gonar rani. An ɗauro tukunya mai kilo 12.5 a kwance a bayan babur, an ɗaure ta da robar tsohon tub, bakinta na kallon salansa. An iso gona, an dire ta kusa da inji, don tiyon gajere ne. Tiyon kuwa sau da yawa farin nan ne da magina ke gwada daidaiton gini da shi, wanda aka yi don ruwa. An cusa shi a bakin regileta, an naɗe da roba ko waya. Inji ya tashi, ruwa ya fara gudu a kwami, manomi ya yi hamdala.

Bayan wani lokaci sai jikin tukunyar ya fara gumi, ya yi sanyi ƙalau, wani sa'in har ya yi farin raɓa daidai inda ruwan gas ya tsaya. Inji ya fara tari yana neman mutuwa. Dalilin shi ne injin na zuƙar gas fiye da yadda ƙaramar tukunya za ta iya tafasa shi, tafasar kuma na janye zafin jikin ƙarfen. A nan ne dabarun da ke kashe mutane ke fitowa. Wani ya girgiza ta. Wani ya kwantar da ita ko ya kifa ta. Wani ya matso da ita gaban salansar injin don ta ji ɗumi, wani ma ya hura 'yar wuta a gefenta.

Kwantar da tukunya na tura ruwan gas kai tsaye cikin regileta da tiyo, waɗanda aka yi su don iska kawai. Ruwan ya isa kafireto ya buɗe ninki 250, wuta ta yi tsalle. Gasa ta da wuta ko salansa kuwa ƙara wa matsin ciki ƙarfi ne a wurin da tartsatsi yake. Maganin ba mai wahala ba ne: a yi amfani da tukunya mafi girma, a tsayar da ita a tsaye a ƙasa mai daidai, a inuwa, nesa da salansa, da dogon tiyon da aka yi musamman don gas. Tiyon ruwa gas na cinye shi a hankali, ya bushe ya tsage ba a sani ba. A ɗaure bakinsa biyu da ƙarfen matsewa mai ƙusa, a bar roba da waya. Kuɗin tiyo na gaske da ƙarafan matsewa biyu bai kai na cika tukunyar sau ɗaya ba.

Gwajin yoyo kuma da ruwan sabulu ake yi. A kaɗa omo a ɗan kofi, a shafa kumfar a bakin bawul da regileta da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. Inda ya yi ƙwai-ƙwai yana kumbura, nan ne yake zuba. Har yanzu akwai masu ƙyasta ashana su zagaya bakin tukunya da ita wai suna duba yoyo. Wannan ɗabi'a ya kamata ta zama abin da ake tsawata wa mutum a kai a bainar jama'a.

Shagon juye

Hatsarin da ya fi girma yana inda ake sayar da gas ɗin. A garuruwan da ba su da babbar tashar ɗura gas, ɗan kasuwa kan sayo manyan tukwane masu kilo 50, ya ajiye a shago, ya riƙa juye wa mutane kilo ɗaya, kilo biyu, gwargwadon aljihunsu. Ana kifa babbar tukunya ko a jingine ta, a haɗa ta da ƙaramar da tiyo, a ɗora ƙaramar a kan sikeli. Idan gas ya ƙi shiga, yaron shago ya ɗan saki iskar da ke cikin ƙaramar a waje don ta yi sanyi ta karɓa. Kowane juyi, kowace cire tiyo, sai an ji "fuuu", wani gas ya fita ya kwanta a ƙasa. Shagon kuwa a tsakiyar kasuwa yake, don nan ne ciniki. Dama da shi mai tsire, hagu mai cajin waya da janaretansa, gaba kuma 'yan acaɓa na jiran fasinja, wani da sigari a hannu.

Wannan ba hasashe ba ne. A ranar 2 ga Yuni, 2022, a unguwar Sheka Ƙarshen Kwalta da ke Kano, tukunya ta fashe a wani shagon ɗura gas, mutum 20 suka jikkata, shagunan da ke maƙwabtaka suka ƙone. Rahotannin lokacin sun danganta tashin wutar da mai suyar kifi da ke kusa da shagon. Mai kifin yana neman halalinsa ne, mai gas ma haka, sai dai sana'o'in biyu ba sa zama wuri ɗaya, kuma ba a samu wanda ya raba su ba. Kafin nan, a ranar 4 ga Janairu, 2020, shagon gas ya fashe a Sabon Tasha a Kaduna, ya kashe aƙalla mutum biyar. Cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya, wanda aski ya kai shi shagon da ke gefe. Gwamnatin Kaduna ta Nasir El-Rufai ta ba da umarnin rufe shagunan juye gas a cikin unguwanni bayan wannan. Mu ma a Jigawa mun ɗanɗana. A watan Satumba na 2022 wata mota ɗauke da tukwanen gas ta yi bindiga a Babura, sama da mutum 20 suka ji rauni, gidaje da shaguna suka ƙone.

A dukan wuraren nan uku, yawancin waɗanda abin ya rutsa da su ba su da alaƙa da cinikin gas. Maƙwabta ne da masu wucewa. Shi ya sa maganar "shagona ne, kuɗina ne" ba ta da wurin zama a wannan sana'a.

Akwai kuma matsalar cikawa. Mai saye na son ya ga an cika masa tukunya maƙil, yana ganin an yi masa gyara. Amma ƙa'ida ita ce kada ruwan gas ya wuce kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na cikin tukunya. Sauran filin an bar shi ne da gangan, domin ruwan gas na kumbura idan ya ji zafi, fiye da yadda ruwan sha ke yi sau goma da ɗoriya. Tukunyar da aka cika fal da sanyin asuba, aka ɗaure a babur aka bi rana da ita zuwa azahar, ba ta da inda ruwan zai buɗa sai jikin ƙarfen. A wuyan kowace tukunya ta gaskiya an buga nauyinta idan ba komai a ciki. Mai ɗurawa ya haɗa wannan da kilon da aka rubuta mata, ya tsaya a nan, ko da mai saye ya ce, "Haba Alhaji, ɗan ƙara mana." Gyaran da ake yi a kwanon gero, a tukunyar gas cuta ce.

A wuyan ne kuma ake buga shekarar da aka ƙera ta. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, tare da sake gwada ta duk bayan shekara biyar. Tukwane da yawa da ke yawo a kasuwanninmu na hannu ne, wasu an shigo da su bayan sun gama aiki a wata ƙasa, an yi musu sabon fenti. Wurin da ya fi ruɓewa shi ne gindi, inda take zama a danshi, kuma nan ne ba mai dubawa. A ɗaga ta a duba ƙasanta. Idan tsatsa ta ci ta yi rami-rami, ko ta lotse, ko an taɓa yi mata walda, ko ta taɓa shiga gobara, to aikinta ya ƙare. Mai shagon da ya ƙi ɗura wa irin wannan zai rasa cinikin ranar, ya kuma sha baƙar magana. Ina ganin ya cancanci jama'a su mara masa baya.

Inda tukunya ke kwana

Idan aka tashi daga aiki, mafi yawan masu sana'a kan kwashe kaya su kulle a shago saboda ɓarayi, har da tukunyar gas. Shagon bulo ne ko kwantena, rufin kwano, ba taga, ƙofar ƙarfe. A cikinsa akwai jarkar fetur, da janareta, da katifa, don yaron shago nan yake kwana, shi ne mai gadi. A cikin hunturu ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda sanyi, wataƙila ya kunna maganin sauro ko ya shigo da kaskon wuta. Shimfiɗarsa a ƙasa take, daidai inda gas ke taruwa. Idan bawul bai rufu sosai ba, dare ɗaya ya isa. Da asuba ya laluba makunnin fitila ko ya ƙyasta ashana, shi ke nan.

Ko gas bai zuba ba, kunna risho a rufaffen ɗaki don jin ɗumi na da nasa sharrin. Idan iska ta yi ƙaranci, wutar na fitar da wata guba marar wari marar launi, irin wadda hayaƙin janareta ke kashe iyali guda da ita suna barci. Masu kiwon kaji da ke lulluɓe ɗakin 'yan tsaki da leda su kunna gas a ciki su lura da wannan, musamman idan akwai mai kwana yana kula da su. Harshen wutar gas mai lafiya shuɗi ne. Idan ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta gindin tukunya, risho na neman gyara ko ɗakin na neman iska.

Wurin ajiyar da ya dace a waje yake. Keji ne na ƙarfe mai raga, da rufi don inuwa, da kwaɗo don ɓarawo, a kan daɓe mai ɗan tudu, nesa da kwata da rijiya da bakin masai da ƙofar da mutane ke fita. Kowane mai walda a Gwaram ko Birnin Kudu zai iya ƙera shi da ragowar rodi. Tukwane su tsaya a tsaye, manya a ɗaure su da sarƙa kada su faɗi, cikakku a gefe guda, waɗanda suka ƙare a gefe guda da bawul ɗinsu a rufe. Wadda ake cewa ta ƙare ba ta ƙare ba, cike take da iskar gas. Shi ya sa mai walda ko ɗan gwangwan da ya sa wuta ko abin yanka a jikin tsohuwar tukunya don ya yi murhu da ita yake wasa da ransa.

Masu walda na da ƙarin nauyi, domin su suna tara abu biyu da bai kamata su kwana tare ba. Oksijin ba ya ci da kansa, amma yana mai da ƙaramar wuta gagaruma, kuma idan ya haɗu da man inji ko giris a bakin bawul yana iya tayar da wuta ba tare da ashana ba. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce a raba ma'ajiyar oksijin da ta gas da tazarar kimanin mita shida, ko a gina katanga a tsakani. Akwai kuma ɗan ƙarfen da ake sawa a bakin tiyo don hana wuta komawa cikin tukunya. Garejin da ke yanka ƙarfe ba shi da shi, yana aiki ne a kan sa'a.

Idan wuta ta tashi

Idan an ji wari, abu na farko shi ne a rufe bawul ɗin tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada a tayar da babur ko janareta a kusa. Idan tukunyar ce da kanta ke yoyo kuma ba wuta, a fitar da ita fili, a kori mutane daga ɓangaren da iska ke kaɗawa.

Idan wuta ta kama a bakin tiyo ko risho kuma hannu na iya kai wa ga bawul, a lulluɓe hannu da jiƙaƙƙen buhu ko tawul a rufe. Da gas ya yanke, wutar ta mutu. Kashe harshen wutar alhali gas na ci gaba da fita ya fi barinta haɗari, don zai taru ya tashi gaba ɗaya. Kowane shagon gas da garejin walda ya kamata ya mallaki tukunyar kashe gobara mai hoda da bokitin yashi, kuma yaran wurin su san yadda ake zare mata ƙusa.

Amma idan wuta ta riga ta kewaye tukunyar tana dukan jikinta, babu sauran jarumta. Ruwan ciki na tafasa, matsi na hauhawa, ƙarfen sama da ba ruwa a bayansa na yin laushi, har ya yage. A ranar 4 ga Janairu, 1966, a matatar Fezan kusa da birnin Liyon na Faransa, furofen ya zuba daga wani katafaren tanki bayan bawul ya daskare a buɗe. Gas ɗin ya bi ƙasa har titi, wata mota ta tayar da shi. 'Yan kwana-kwana suna tsaka da aiki, bayan kimanin awa ɗaya da rabi tankin ya tsage. Mutum 18 suka mutu, 11 daga cikinsu ma'aikatan kashe gobara ne. Ƙaramar tukunya ma haka take yi daidai girmanta, kuma ɓaraguzanta na tafiya nesa.

Mu kuwa idan abu ya faru, wurin muke rugawa. Wani don ya taimaka, wani don kallo, yanzu kuma har da masu ɗaukar hoto da waya. Jigawa ba ta buƙatar a tuna mata abin da taron jama'a a gefen makamashi ke jawowa. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar fetur ta faɗi a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, mutane suka taru, ta kama da wuta, waɗanda suka rasu suka haura 200. Allah Ya jiƙansu. Fetur ne wancan, ana ganinsa da ido. Gas ba a ganinsa, kuma mutum na iya shiga tsakiyarsa bai sani ba.

Wanda ya ƙone, a zuba masa ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a kan ƙunar na tsawon minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, kada a fizge rigar da ta manne da fata. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Ɗanyen ƙwai da man goge baki da baƙin mai da toka da ake shafawa ƙara wa ciwon datti suke yi, su kuma wahalar da likita wajen wankewa. Ƙuna a fuska ko muryar da ta dushe bayan gobara alama ce zafi ya shiga maƙogwaro, ko da mutum na tafiya da ƙafarsa kada a jira. Babban asibitin da yankin ke dogaro da shi shi ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, kuma daga ƙauyukan Gwaram tafiya ce. Ruwan da aka zuba a mintunan farko na iya rage zurfin ƙunar tun kafin a kama hanya.

Wa ke da alhakin?

A takarda, akwai masu shi. Dokar masana'antar man fetur da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2021 ta kafa hukumar NMDPRA, wadda ke ba da lasisin sayar da gas da sa ido a kan masu yi. SON na kula da ingancin tukwane. Akwai dokar masana'antu, akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Amma yaron da ke juye gas a kasuwar ƙauye ba shi da takardar ɗaukar aiki, sunansa ba ya cikin rajistar kowa. Idan ya ƙone, maigidansa ya kai shi asibiti in mai tausayi ne, 'yan uwa su yi karo-karo, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara. Sai dai wanda ya ajiye yaron mutane ya kwana da tukunya mai yoyo, ya san tana yoyo, akwai tambayar da zai amsa, domin amana aka ba shi.

Tushen matsalar tsofaffin tukwane kuwa yana cikin tsarin mallaka. A Najeriya tukunya ta mai saye ce, shi zai yi ta kai ta ana ɗurawa har ranar da ta gaza, ba wanda ke da alhakin gwada ta. A biranen Nijar irin su Maraɗi da Damagaram, inda matatar SORAZ ke samar da gas tun 2011, abin da aka fi sabawa da shi musanya ne: ka kai wadda ta ƙare, a ba ka cikakkiya da aka ɗura a tashar kamfani. Gana ta ɗauki wannan hanya bayan fashewar tashar gas a Akara ranar 7 ga Oktoba, 2017, wadda ta kashe mutum bakwai ta jikkata sama da 100, ko da yake tsarin ya ɗauki shekaru kafin ya fara kankama. Gwamnatin Najeriya ma ta bayyana irin wannan niyya a 2019, amma har yau mutum da tukunyarsa yake zuwa. Musanya na da cikas ga talaka, don shi kilo ɗaya yake iya saye, ba cikakkiya ba. Duk tsarin da bai samar da ƙananan tukwane masu araha ba, shagon juye zai ci gaba da rayuwa a bayan fage.

Kafin Abuja ta warware wannan, akwai abin da ke hannun mutanen gari. Jami'in NMDPRA ba zai zagaya kowace kasuwa a masarautar Dutse ba, motar kashe gobara ma kafin ta iso ƙauye an gama. Amma sarkin kasuwa ya san kowace rumfa da mai ita. Shi ke raba wuri, shi ya san inda 'yan tsire suke da inda maƙera suke. Ware wa masu gas fili a gefen kasuwa, a sarari, nesa da masu wuta da tashar babura, bai fi ƙarfin dagaci da sarkin kasuwa da kansilan mazaɓa ba. Ƙungiyoyin masu walda da na makanikai da na manoman rani suna taro, suna karɓar kuɗin ƙungiya. Za su iya gayyato jami'an hukumar kashe gobara ta jiha su nuna wa mambobi da yaransu gwajin sabulu da rufe bawul da riƙe tukunyar hoda, a yini guda. Makanikin da ke sauya kafireto kuma ya sa tiyon gas da ƙarafan matsewa cikin kuɗin aikinsa, ya ƙi haɗa inji da tiyon magina ko da mai injin ya ce shi ya ji ya gani.

Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan zama shi ne bayan kaka, kafin a shiga aikin rani gadan-gadan, domin daga Fabrairu zuwa Mayu ne injinan ban-ruwa ke aiki ba hutu, cinikin gas ke ƙaruwa, zafin rana kuma ke kai wa maƙura.